Sim, kan waya ko littafi: ina ya kamata lambobin mutanenka su kwana?

Ranar da wayar kawuna ta zame daga aljihunsa a cikin turoturo, wato motar haya, tsakanin Kejetia da Aboabo a nan Kumasi, ko a jikinsa. Ƙaramar waya ce mai maɓallai, irin wadda mutanen Ghana suke ce wa "yam", wato doya, 'yan uwanmu na Kano kuma su ce raka-ni-kashi saboda tocilarta. Washegari ya shiga Adum, unguwar shaguna a tsakiyar gari, ya sayi wata, ya wuce ofishin kamfanin layinsa da katinsa na ɗan ƙasa, wato Ghana Card, aka ba shi sabon sim mai tsohuwar lambarsa. Sai da ya dawo gida bayan la'asar, ya zauna kan buzu ya buɗe wajen sunaye, sannan ya ƙwala mini kira.

"Ɗana, zo ka duba mini. Sun ce sun dawo mini da layina, amma babu kowa a ciki."

Na ce, "Kawu, layin kawai suka dawo maka da shi. Mutanen da ke ciki sun tafi da tsohon sim ɗin."

Ya daɗe bai ce uffan ba. Fataucin goro yake yi, kuma a cikin wannan ɗan katin da bai fi farce ba akwai masu tara masa goro a ƙauyukan Asante, da direbobin da ke ɗaukar huhu zuwa Legas, da dillalan da bai taɓa sanin gidajensu ba sai muryarsu. Tun daga ranar na zama mai shirya wa dattawan gidanmu da na maƙwabta waya, kuma tambaya ɗaya ce kullum idan an miƙo mini sabuwa: a ina za a zuba lambobin? Wurare huɗu ne mutum yake da su. Akwai sim, akwai kan wayar, akwai littafi, sannan akwai asusun Google a babbar wayar wani daga cikin 'ya'ya. Kowanne yana da ranar da yake cetonka da ranar da yake ba ka kunya.

Sim shi ne wurin da manyanmu suka saba da shi, kuma suna da dalili. Nokia 3310 da ta fito a 2000, wadda da yawansu suka fara riƙe irinta, ba ta da ma'ajiyar lambobi ta kanta, komai a sim yake zama. Daga nan al'adar ta kafu. Amfaninsa a fili yake: waya ta faɗa cikin bokitin wanki, ko allonta ya fashe, ko batirinta ya kumbura, sai ka zare sim ka sa a wayar ɗan'uwanka, mutanenka duk su fito. Ba ka buƙatar intanet, ba ka buƙatar wani ya taya ka. Ko iPhone, da ba ta yarda a adana lamba a sim, tana iya kwaso waɗanda ke ciki.

Sai dai ɗakin ƙarami ne. Yawancin sim ba sa ɗaukar fiye da lambobi 250, wasu ma ba sa kai haka. Suna ɗaya lamba ɗaya, ba ƙari, alhali a nan Kumasi da wuya ka sami ɗan kasuwar da ba shi da layi biyu, MTN da Telecel ko AT. Kenan mutum ɗaya ya cinye gurbi biyu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda sim ke datse suna. Haruffa goma sha wani abu yake karɓa, sauran ya zubar ba tare da ya sanar da kai ba. Ƙirga "Alhaji Muhammadu" da tazarar da ke tsakaninsu, haruffa 16 kenan. Idan kana da Alhaji Muhammadu uku, ɗaya na Bawku, ɗaya na Tamale, ɗaya na Nima, ka kwafe su daga waya zuwa sim, sunan garin shi ne zai faɗi, ka wayi gari da mutum uku masu fuska ɗaya. Wanda ya rubuta sunayen da haruffan Larabci kuwa gurbin ya ƙara matse masa, don harafin Larabci ya fi na boko cin wuri a sim.

Sannan ga darasin Kawu. Kamfani yana riƙe da lambarka, ba ya riƙe da abin da ka rubuta a katin. Lokacin da aka sake rajistar layuka da Ghana Card, daga Oktoban 2021 har zuwa ƙarshen Mayun 2023 da aka rufe waɗanda ba a yi wa ba, na ga mutanen da suka jefar da sim ɗin da ya daina kira suna ganin ya mutu. Katin da aka rufe wa layi yawanci yana nan da lambobinsa, idan aka sa shi a waya za a iya kwashe su. Duk wanda ke da irinsa a ƙasan akwati ya ciro shi ya duba kafin yara su yi wasa da shi.

Kan waya ya fi sim faɗi nesa ba kusa ba. Nokia 105 ta 'yan shekarun nan tana ɗaukar har lambobi 2,000. Ƙananan wayoyin itel da Tecno da suka cika shagunan Adum su ma suna ɗaukar ɗaruruwa, suna barin dogon suna, wasunsu suna barin lamba biyu ko uku a ƙarƙashin mutum ɗaya. Ga mai harka da jama'a da yawa, kamar dillalin shanu a mayankar Kaase ko mai sayar da kayan gyaran mota a Suame Magazine, sim ba zai taɓa isarsa ba, dole ya hau kan waya.

Matsalar ita ce lambobin da wayar rai ɗaya suke da shi. Ta ɓace, sun ɓace. Ta ƙi tashi, sun kwanta tare da ita. Akwai kuma hasarar da ba a cika faɗa ba, wadda ke faruwa a teburin mai gyara. Wata gwaggona ta kai wayarta da ke kashe kanta, yaron ya goge mata kai gaba ɗaya ya mayar da ita kamar sabuwa, ya miƙo mata tana aiki lafiya lau amma babu ko mutum ɗaya a ciki, kuma bai tambaye ta ba kafin ya yi. Idan za ka kai waya gyara kuma tana iya kunnuwa, ka fara kwafe abin da ke ciki.

A nan ne wayoyin suka bambanta, kuma nan ya kamata mai saye ya sa ido, ba a ƙarar rediyo ko hasken tocila ba. Wasu suna da wurin sa memori, kuma a cikin wajen sunaye akwai inda za ka ce a zuba dukkan lambobin a memorin a dunƙule ɗaya. Wasu suna da Bluetooth, kana iya tura su wata waya. Wasu kuwa ba su da ko ɗaya, hanyar fita ɗaya ce, ta sim, ita ma lambobi 250 a kowane zuwa. In da ni ne zan saya wa ɗan kasuwa, mai memori zan ɗauka ko da ta ɗan fi tsada. A kula kuma da kalmomi biyu da wayar ke nunawa idan za a yi wannan aikin. "Copy" yana barin na asali a wurinsa ya yi wani a sabon wurin, "Move" kuwa yana ɗauke shi ne ɗungurungum. Na farkon ake so. Bayan an kwafa, a saita wayar ta riƙa nuna wuri ɗaya kawai, in ba haka ba kowane suna zai fito sau biyu, tsoho ya rikice.

Amma duk inda ka zaɓa, abin da ya fi yanke hukunci shi ne yadda ka rubuta sunan, kuma a nan ne nake ɓata mafi yawan lokacina idan ina shirya wa mutum waya.

Maɓallai takwas ne ke ɗauke da haruffa 26. Lamba 2 tana da ABC, 3 DEF, 4 GHI, 5 JKL, 6 MNO, 7 PQRS, 8 TUV, 9 WXYZ. Kowane harafi sai ka danna gwargwadon matsayinsa. "Mama" danni huɗu ne kacal: 6, 2, 6, 2. "Baba" danni shida ne, amma duk a kan 2 suke, don haka sai ka dakata bayan kowane harafi kafin ka ci gaba, in ka yi gaggawa ya rikiɗe ya zama wani abu. "Sani" goma ne, saboda S kaɗai tana cin huɗu. Yanzu zo ga sunayen girmamawarmu. "Malam" bakwai. "Alhaji" goma sha ɗaya. "Hajiya" ma goma sha ɗaya. A zango kuwa wa ba Alhaji ba, wa ba Hajiya ba, wa ba Malam ba? Na taɓa karɓar wayar wani maƙwabcinmu, na danna 2 don neman wani, sai ga Alhazai sun jeru har na gaji da gangarawa. Don ya kai ga wanda yake nema, ko dai ya danna sau goma sha biyu kafin ma ya fara rubuta ainihin sunan, ko ya yi ta gangarawa ɗaya bayan ɗaya, da idon da ya fara rauni, cikin hayaniyar kasuwa.

Maganin shi ne a sa abin da ya bambanta mutum a gaba. Ga ɗan kasuwa, sana'a ko gari ya fi: "Direba Legas", "Direba Yamai", "Goro Shagamu", "Tela Alabar". Da ya danna 3 sau ɗaya direbobinsa duk sun taru wuri guda, in wannan bai ɗauka ba ya gangara na ƙasa. Ga mai gida da lambobinsa na dangi ne, sunan yanka a gaba, laƙabi a baya. Kawu ya ƙi wannan da farko.

"Yaya zan rubuta sunan mutumin da ya girme ni tsirara haka, babu Alhaji?"

Na ce, "Kawu, ba cire masa za mu yi ba, a baya za mu sa masa. Idan ka kira shi kuma ai da bakinka za ka ce Alhaji."

Na fahimci damuwarsa, kuma ban ɗauke ta wasa ba, don a wajensu rubutu ma gaisuwa ce. Amma dabarar tana da wata riba: in sim zai datse wani abu, laƙabin zai datse, sunan da garin su tsira.

Akwai kuma rikicin rubutun suna, wanda ya fi yawa a nan Ghana. Ɗa ɗaya zai adana "Usman", ƙaninsa da ya yi makarantar boko a nan ya adana "Osman". Na farko yana ƙarƙashin 8, na biyu yana ƙarƙashin 6. Haka Yusif da Issifu, Abubakar da Bukari, Hawa da Awa. Uwa ta nemi mutum a inda ta san shi ta rasa, ta ce lambar ta goge, alhali yana nan a wani harafi. Shi ya sa nake cewa mutum ɗaya ya riƙa adana wa tsoho lambobi, ko a daidaita rubutu ɗaya a gidan. Ƙ da ɗ da ɓ babu su a maɓallan, sai a haƙura da k da d da b. Rubutun nan mai cinkar kalma da ake kira T9 kuma a kashe shi tun ranar farko, don ƙamus ɗinsa na Turanci ne, bai san sunayenmu ba. A yawancin wayoyi maɓallin # ne ke sauya salon rubutu.

Ita kanta lambar tana da nata tarkon. Lambar salula a Ghana guda 10 ce da sifilin farko. Kuskure ya fi shiga ne lokacin da ake karanto ta. A waya, cikin ƙarar babura, "biyu" da "biyar" suna kama da juna, haka "bakwai" da "takwas". Wani zai ce "huɗu biyu", ba ka sani ba ko 42 yake nufi ko 44. Wani ya fara da Hausa, ya tsallaka Turanci, ya ƙare da Twi. Wani yana yanka ta uku, uku, huɗu, wani huɗu, uku, uku. Hanya mafi tsabta ita ce wadda kowa ya sani, a ce wa mutum ya yi maka filashin, ka adana daga wajen kiran da ya shigo, nan take yana tsaye. In babu hali, ka rubuta, ka ƙirga ka ga sun cika goma, ka karanta masa ɗaya-ɗaya ya tabbatar.

Sai zaɓi tsakanin farawa da 0 da farawa da +233. Wanda ba ya fita ƙasar, 0 ta ishe shi. Amma mutanenmu matafiya ne. Lambar da aka adana da 024 ba za ta shiga ba idan kana Lome ko Yamai ko Makka, wadda aka adana da +233 24 kuwa tana shiga a gida da waje. Ana cire sifilin ne a sa +233 a madadinsa. Haka na dangi a waje: Najeriya +234, Nijar +227, Togo +228, Burkina Faso +226, Saudiyya +966. Wasu suna sa 00 a maimakon alamar, kuma yana aiki daga Ghana, amma a Najeriya 009 ne lambar fita waje, don haka alamar + ta fi, ita ba ruwanta da ƙasar da kake. A Nokia ana samunta ta danna tauraro sau biyu, a wasu wayoyin ta riƙe 0 ko tauraro na ɗan lokaci. Mai shirin aikin Hajji ya gyara na iyalinsa tun a gida. Wanda ke da mutane a Abidjan kuma ya tuna lambobin Kodebuwa sun koma guda 10 tun 2021, tsohuwar mai takwas da ke wayarsa ba za ta ƙara shiga ba.

Wasu suna rubuta sunan kamfani a jikin sunan mutum don su san da wane sim za su kira shi da sauƙi. Yana da kyau, amma a tambayi mai lambar. Tun 2011 aka ba mutane damar sauya kamfani da lambarsu, don haka 024 ba lallai MTN ba ce, 020 ma ba lallai Telecel ba.

Wajen nemo lamba kuma hanyoyi uku ne, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Neman suna da harafin farko shi ne na mai karatun boko, kuma na faɗi abin da ke sa shi ya yi sauri. Na biyu shi ne danna koren maɓalli a duba waɗanda aka kira kwanan nan. Mutane da yawa da wannan suke rayuwa, ba su taɓa adana kowa ba, suna gane mutum da lambobi ukun ƙarshe. Ina jinjina wa ƙwaƙwalwarsu, amma hanyar ba ta da tushe. Ƙaramar waya kira kaɗan take tunawa, sabo yana ture tsoho. Ranar suna ko rasuwa, da kira ya yi yawa, lambar likita ko ta mai kawo kaya ta faɗi ƙasa ta tafi.

Na uku shi ne kiran maɓalli ɗaya, kuma ban san abin da ya fi shi amfani ga tsohuwar da ba ta yi boko ba. Ana ɗaura mutum a kan maɓalli, daga 2 zuwa 9, don 1 yawanci na saƙon murya ne. Ta riƙe maɓallin na ɗan lokaci, kira ya tafi. Gurbi takwas, kuma ga yawancin iyayenmu mata takwas ɗin nan su ne duniyarsu. Da na shirya wa mahaifiyata, na kama yatsanta na ɗora a kan 5.

"Mma, kin ji ɗan ƙullutun nan?"

"Na ji."

"To wannan ni ne. Ko wuta ta ɗauke, ko ba ki sa tabarau ba, ki lalubo shi ki riƙe."

Kusan kowace waya mai maɓallai tana da wannan ɗan tudun a kan 5 ko kusa da shi, an yi shi ne don makafi da mai lalube cikin duhu. Wanda ya fi kusa kuma ya fi saurin zuwa shi ya kamata a sa a nan, ba lallai babban ɗa ba in yana Akra. Na jera sauran bisa tsarin haihuwa, don wannan lissafin ba ta taɓa mantawa da shi. Abu biyu ne za a kiyaye. Wannan shirin a kan waya yake zama, in an sauya waya sai an sake shi. Sannan a koya mata kulle maɓallai, in ba haka ba wayar da ke ɗaure a bakin zane za ta yi ta kiran mutane tana cinye kuɗin kira. In takwas ba su isa ba, wayoyi da yawa suna nuna lambar da ke gurbin sim idan ka danna lambar gurbin ka bi ta da #, misali 12 sannan #. A gwada, in wayar ta yarda an sami ƙarin hanya.

Littafi kuwa mutane suna raina shi, ni kuma shi nake fara saya kafin in taɓa wayar. Ɗan ƙaramin littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa. Ba ya buƙatar caji, mai gyara ba ya goge shi, ɓarawon waya ba ya kallonsa. Mai rubutun ajami ya rubuta da ajaminsa, ya sa Alhaji da Malam yadda ransa ke so, har ya ƙara "surukin wane" ko "yana bina huhu biyu". Rauninsa shi ne ba ya gyara kansa. Mutum ya sauya layi, littafin yana nan da tsohuwar, kuma ruwa da gara da yara duk abokan gabarsa ne. A gida ake barinsa, ba a aljihu ɗaya da wayar ba. A shafin farko nake rubuta 112 na gaggawa, da 191 na 'yan sanda, 192 na kwana-kwana, 193 na motar asibiti.

Akwai kuma wani aikin da takarda kaɗai ke yi wa mai ƙaramar waya, wato tura kuɗi. Idan ka danna *170# na MoMo, wato tsarin tura kuɗi ta layin MTN, ko *110# a Telecel, aka ce ka sa lambar wanda za ka tura wa, yawancin ƙananan wayoyi ba sa barinka ka leƙa wajen sunaye. In ka fita ka duba, ka dawo ka tarar an katse, sai ka sake daga farko. Shi ya sa kake ganin mutane a gaban rumfar masu MoMo da lamba a rubuce a tafin hannu. Mutanen da kake tura wa kuɗi a kai a kai, ka ware musu shafi guda, da manyan lambobi, a siffar da ke farawa da 0, don ita ake bugawa a can. Kuma kafin ka sa lambar sirri ka tsaya ka karanta sunan da ya fito, ko ka sa a karanta maka. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani yana iya sake ba wa wani, lambar da ka adana shekara biyar da suka wuce tana iya zama ta baƙo yau. Ita lambar sirrin kada ta shiga wajen sunaye, kada ta shiga littafin.

Asusun Google shi ne mafi girma a cikinsu, yana ɗaukar har 25,000, kuma ko wayar ta faɗa rijiya lambobin suna nan. Amma ƙaramar waya ba ta hawa kansa kai tsaye. Sai dai a zare sim ko memori, a sa a babbar wayar ɗa ko jika, a kwashe zuwa asusun, a riƙa maimaitawa lokaci-lokaci. Inda yake karyewa shi ne kalmar sirri. Sau da yawa yaron shagon da aka sayi wayar ne ya buɗe asusun cikin gaggawa, mai wayar bai san sunan asusun ba balle kalmarsa. Irin wannan asusun da shi da babu duk ɗaya ne ranar da wayar ta ɓace. Sannan a yi tunanin amana. Lambobin abokan cinikin uba dukiya ce, ba kowane yaro ake miƙa wa ba, kuma in an zuba su a wayar matashi za su cakuɗe da nasa, su fito masa a WhatsApp. A zaɓi wanda aka yarda da shi, kuma a nemi izinin mai lambobin.

In aka tambaye ni wanne za a ɗauka, sai in tambayi wa za a yi wa. Tsohuwar da mutanenta ba su wuce talatin ba, sim ya ishe ta, da maɓallai takwas ɗin nan, da littafi a cikin adakarta. Kada a wahalar da ita da sauran. Ɗan kasuwa mai ɗaruruwan mutane ya zuba duka a kan waya mai memori, ya zaɓi waɗanda in ya rasa su kasuwarsa ta tsaya ya kwafe su a sim da gajeren suna, sannan duk bayan 'yan watanni wani amintacce ya ɗora su a Google. Ni nakan ɗaura wannan aikin da sallah ƙarama da babba, lokacin da yara ke gida, don kada a manta. Matashin da ke riƙe babbar waya a gida da ƙarama ta shiga kasuwa, Google ne gidansa, ƙaramar ya sa mata abin da zai buƙata a ranar kawai. Wanda ba na goyon baya ko kaɗan shi ne mai wuri ɗaya tak, ko wane wuri ne, sai kuma mai sim da waya kawai, don su biyun a aljihu ɗaya suke kwana, tare suke ɓacewa.

Na Kawu mun ɗauki kusan wata uku muna haɗawa. Wasu sun kira da kansu muka adana su nan take, wasu muka samo a wayoyin abokan sana'arsa bayan sallar Juma'a, direba ɗaya ya ba mu na direbobi huɗu. Kowace muka samu sai ta shiga wuri uku kafin a kwanta. Littafin yana cikin akwatin da yake ajiye takardun gida, da ajaminsa a dama da bokona a hagu. Akwai layi ɗaya da ya rubuta suna ya bar gurbin lamba a buɗe, na wani dattijo a Shagamu da suka yi shekaru suna ciniki ta waya ba su taɓa haɗuwa ba. Duk direban da zai tafi Legas, Kawu yakan bi shi har bakin mota ya ce in ya bi ta can ya tambayo masa.